Alhamis ɗin Muhtari Direba

Duk wanda ya taɓa shiga tashar Ƙaura Namoda ya san Muhtari. Gajere ne kakkaura, mai hular da ta sha rana har ta manta launinta, ga baki kamar rediyon mai shayi. Shekara ashirin da uku yana tuƙi, kuma tinƙahonsa ɗaya ne a duniya: bai taɓa ɗaukar fasinja da rai ya sauke gawa ba. In ka zauna da shi minti biyar sai ya gaya maka, in ka ƙara biyar ya maimaita.

Bas ɗin Hajiya Zulaihat yake ja, Ƙaura zuwa Kano, kwana shida a mako. Alhamis ce ranar hutunsa, ita ce kuma ranar kasuwar Shinkafi. Tun da 'yan bindiga suka addabi hanyar nan, 'yan kasuwa suka daina tambayar wace mota ce a layi, sai dai wa zai ja ta. Muhtari kuwa ya iya karatun hanya. Shi ya koya wa rabin direbobin tashar cewa in ka yi tafiya mai ɗan nisa ba mota ko babur da ya ɓullo daga gaba, ba kowa a gona, ba mace ɗauke da itace, to ka juya, an tare. Saboda haka duk Alhamis sai ya ari Golf ɗin wani abokinsa ya kwashi mutum shida.

Hajiya ba ta son haka. Ɗanta Ismail matuƙin jirgin sama ne, kuma da shi take kafa hujja.

"Muhtari, mi kaka nema?" in ji ta. "Ɗana ya ce mani su ran hutunsu ba su taɓa jirgin kowa sai kamhwani ya yarda, don ido na da iyaka. Na ba ka Alhamis ka kwanta, ba ka kai ma wani ƙarhinka ba."

"Hajiya, shi hwa sama yaka bi, babu rami babu ɗan bindiga, ana kawo mai shayi har kujera. Alhamis tawa ta, ki bar ni da ita."

Gaskiyar Hajiya ce, kowa ya sani. Amma Muhtari irin mutanen nan ne da in ka ce musu su rage gudu sai su ƙara mai, don kada a ce sun ji magana.

Wata Laraba bas ɗin ya lalace masa a hanyar dawowa, ya sha wahala da makanikai, barcin da ya samu bai kai awa biyu ba. Da gari ya waye ya yi niyyar kwanciya, wannan kam a shaide shi. Sai ga Ladidi a ƙofar gida da jarkokin man gyaɗa. Matar Yari mai walda ce, kuma shekara biyu ke nan ba ta shiga motar kowa zuwa Shinkafi sai tasa.

"Baban Salima, in ba kai ba na hwasa," ta ce.

Maganar nan ta yi masa daɗi, ita ta tashe shi. Ya wanke fuska, ya kurɓi shayi mai zafi, ya karɓo makulli.

Ladidi ta zauna gaba don baya na sa ta amai. Tana ta ba shi labarin akuyarta da ta cinye wa maƙwabta dusa, shi kuma yana "uhm, uhm". Idonsa a buɗe yake, hannunsa na kauce wa ramuka da kansa, amma Muhtari ba ya cikin motar. Daga baya da ya zauna ya lissafa, abu na ƙarshe da ya gamu da shi wani Keke Napep ne tun a bakin gari. Duk tsawon tafiyar nan titi fayau, gonaki wayam. Har wani babur ya wuce a yashe gefen kwalta, takalmi ɗaya kusa da shi, bai tambayi kansa ina mai shi ba.

A wata kwana mai duhuwar itatuwa 'yan bindiga suka fito, sun kai goma, fuskoki naɗe da rawani. Harbin farko ya tarwatsa gilashin gaba. Na biyu ya cire wa Muhtari yatsu biyu na hannun hagu a kan sitiyari, ya ga ɗayan ya faɗa cinyarsa. Fasinjojin baya suka hau salati, suna danne juna. Nan fa barci ya tafi. Ya sa ribas ya take, motar ta yi ƙara, ya murza ta ta juya a tsakiyar titi. Wani da ya sheƙo da gudu ya cafki ƙofa, Muhtari ya goga shi jikin kututture, ya ji ƙashi ya karye, bai waiwaya ba. Suka bi su da ruwan harsashi, tayar baya ta fashe, jarkoki suka huje, mai da jini suka haɗu a ƙasan mota har ƙafarsa na zamewa daga totur. A kan ƙarfen taya ya shigo Ƙaura.

Sai a ƙofar asibiti ya dubi Ladidi. Harsashi ya shiga ta wuya. Tun a kwanar nan ta cika, kanta jingine da kafaɗarsa, shi yana zaton tsoro ne ya sa ta laɓe.

Gari ya ɗauka Muhtari namiji ne, ya ceci mutum biyar da hannu ɗaya. 'Yan tasha suka yi ta zarya suna yi masa kirari, shi ko kowane kirari ji yake kamar ana murza masa ciwon. Hajiya ta zo da kwanon abinci, ta dube shi, ta dubi bandejin, ta ce Allah ya sawwaƙe ta fita. Da ma zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

Bayan sadakar uku Yari ya yi sallama, ya cire takalmi ya zauna bakin tabarma. Godiya ya zo yi.

"Ka kawo mani ita na rufe ta da hannuna," ya ce. "Wasu ko gawa ba su gani ba. Na gaya ma yara, in har kai ba ka ga alama ba, to babu ta. Kwananta na ya ƙare."

Muhtari ya dubi bandejin hannunsa. Da ya ce "haka na" da shi ke nan, babu mai sani har abada.

"Akwai alama, Yari," ya ce. "Tun daga bakin gari babu motad da munka gamu da ita. Har babur na wuce yashe. Barci nika ji. Ban kwana ba, kuma ban gaya mata ba."

Yari ya ɗago ya dube shi.

"Wa yas san wagga magana?"

"Ni ɗai."

"To yanzu mu biyu na. Ni kuma zan koma gida in dubi yaran nan da wagga magana cikin baki."

Ya miƙe ya sa takalminsa ya fita, bai yi sallama ba.