Majvor Ba Ta Tambayi Kowa Ba

Shekara talatin da huɗu Majvor Edström ta yi tana dafa wa 'yan makarantar garinmu abinci, kuma ba a yi ranar da wani bai leƙo kicin ya koya mata aikinta ba. Shugaban makaranta ya ce gishiri ya yi yawa. Mai duba tsafta ya ce ba nan wuƙa take zama ba. Bertil kuwa, mijinta kafin su rabu, har yadda ake feraye dankali sai ya sa baki, shi da ko ruwan zafi bai iya dafawa ba. Ta yi ta haɗiyewa har ta yi ritaya, ciki fal haushi, yatsu kuma sanyin ƙashi ya fara lanƙwasa su.

Likita ce ta tunzura ta ba da saninta ba. Ta jujjuya hannun Majvor ta ce in akwai abin da take son yi da waɗannan yatsun, ta yi shi baɗi, kada ta wuce haka. Akwai kuwa. Mahaifinta masunci ne, kowace bazara sai ya tsallaka teku zuwa tsibiran Shetland ya dawo yana ba da labari, amma ko sau ɗaya bai bar 'ya mace ta taka jirginsa ba. Majvor ta ce da hannunta za ta kai kanta can. Ba ta taɓa tuƙa jirgi ba, to sai me? Ta shiga ajin koyon karanta taswirar teku, ta ja da'ira da jan biro a kan goma ga Yuni, ranar da za ta tashi.

Jirgin da ta saya na katako ne, mai tafiya da iska, ya haura shekara sittin. Mai shi ya rasu, jirgin ya yi shekara uku a tudu cikin filin ƙungiyar masu jirage, lulluɓe da tamfol. Ranar da ta fara shiga cikinsa sai ta ga hasken rana yana ratsowa ta tsakanin katakan, layi-layi, daga gaba har baya. Tana saukowa daga tsani ta tarar da Sixten tsaye, tsohon maƙerin jirage, hannu a aljihu.

"Majvor, waɗannan tsagogin da kika gani..."

"Na tambaye ka?"

"A'a, dama dai..."

"To ka riƙe damarka. Ku ji ni dukanku!" Ta ɗaga murya har na cikin rumfar shan kofi suka leƙo. "Duk ƙaton da ya sake ba ni shawara ban tambaye shi ba, na rantse sai ya yi wanka da fenti."

Sixten ya gyaɗa kai ya juya. Nan fa aka yi ɓarnar. Mu mutanen gaɓar nan, in ka ce mana mu yi shiru sau ɗaya, to mun yi ke nan har a binne ka. Muna kiran wannan mutunci. Ni dai ban ga mutunci a ciki ba.

Majvor ta sayo wani gam mai daskarewa kamar dutse, gwangwani-gwangwani, ta shiga cusa shi cikin kowace tsaga. Hunturu guda ta yi a ƙarƙashin jirgin nan, a durƙushe kan kwali, tana hura yatsunta. Mazan ƙungiya su zo wucewa su tsaya, su kalli gam, su kalli juna, su ce, "Ana ta aiki, Majvor." Ƙarfe goma ta shiga rumfa su matsa mata a benci, su miƙo mata burodin kirfa, a yi hirar iska da farashin man inji. Mutum goma sha huɗu, kowa da bakinsa!

Sau uku tana tarar da ƙunshin auduga da gwangwanin danƙo mai laushi a kan tsaninta. Na uku ta kwasa ta zuba a shara, ta rubuta takarda da manyan baƙaƙe ta manna a allon sanarwa: jirginta ba juji ba ne, mai wannan tarkacen ya nemi gidan uwarsa ya ajiye. Kowa ya karanta. Ba wanda ya ce uffan.

Asabar ɗin ƙarshe ta Afrilu motar ƙugiya ta zo, aka yi ta ɗaga jirage ana sauke su cikin ruwa ɗaya bayan ɗaya. Sauran jiragen katako suna taɓa ruwa suka fara sha, masu su suka kunna injinan zuƙe ruwa, ko'ina tsiyaya. Na Majvor kuwa ko ɗigo. Ta tsaya a kansa ta riƙe ƙugu.

"Rune, kwando ka saya ko jirgi? Sixten, in ara maka bokiti?"

Rune, shugaban ƙungiya, ya yi wata 'yar dariya ya sunkuyar da kai.

A rana ta huɗu, da hantsi, tana ciki tana jera gwangwanayen abinci, sai ta ji ƙara kamar an harba bindiga a ƙarƙashin ƙafarta. Ta tsaya cak. Aka sake, aka kuma sakewa. Katakon da ya yi shekara uku yana bushewa ya sha ruwa ya kumbura, ya nemi tsagogin da zai cike ya tarar da dutse, sai ya huce a kan haƙarƙarin jirgin, katakan da ke riƙe jikinsa daga ciki, suka fara karyewa. Kafin ta hauro sama ruwa ya kai mata idon sawu. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne saurin da suka yi. Minti biyar ba a yi ba ga Rune da kwalekwalensa, ga igiya a naɗe, ga tarakta da keken jan jirgi a bakin gangara an riga an juyo da su. A shirye suke. Kwana huɗu suna jiran wannan ƙarar. Nan take suka mayar da jirgin tudu.

Ta shiga rumfa da jiƙaƙƙen wando, ƙarfe goma daidai.

"Kun sani?"

Wani ya juya cokali a kofi.

"Rune, da kai nake. Ka sani?"

"To... katako dai yakan kumbura. Shi ya sa ake sa auduga, ita tana matsawa ta ba shi wuri."

"Audugar da ke kan tsanina?"

"Sixten ne ya ajiye."

"Munafukai! Matsorata! Wata bakwai kuna kallona a durƙushe kamar mai wankin daɓe, kuna tura mini burodi! Da kare ne ya nufi rami ai kwa yi masa tsawa!"

"Ke kika ce kada a faɗa miki," in ji Sixten, a hankali.

"Da na ce zan sha guba fa? Sai ka ajiye mini magani a kan tsani ka wuce?"

Sixten ya ture kofinsa. Ya tashi ya nufi bayan rumfa, ita kuma ta bi shi don ba ta gama ba. Ya yaye wani buhu. Ga sababbin haƙarƙarin jirgi guda goma sha ɗaya a jere, an lanƙwasa su an goge, kowanne da lambarsa da fensir.

"Tun Janairu na auna," ya ce. "Na san waɗanda za su karye."

Majvor ta daɗe tana kallonsu. Ta kirga makonnin da tsohon nan ya yi yana sassaƙa, a taku ashirin daga inda take durƙushe. Magana ɗaya ta fi ƙarfinsa, amma katako goma sha ɗaya bai gagare shi ba. Ta so ta ɗauki ɗaya ta maka masa. Ta kuma tuna ranar farko, da bakinsa a buɗe da kalmar da ta datse, sai haushin ya rasa inda zai sauka.

"Ka cinye mini bazarata, tsohon banza," ta ce. "To ga shi ina tambaya. Yaya ake yi?"

"Sai an ƙwaƙule gam ɗin duka tukuna. Ba inji, da hannu."

Goma ga Yuni iska ta taso daga gabas, mai kyau, irin wadda mahaifinta yake jira. Majvor tana ƙarƙashin jirgi a kan kwalinta na da, ta kai tsaga ta shida cikin ashirin da biyu. Yatsunta sun daina rufuwa a kan ƙotar ƙarfen ƙwaƙular gam, don haka kowace safiya Sixten ne yake ɗaure mata shi a hannu da tsumma, tana zaginsa yana ƙullawa.