Fuskar da Aka Kawar a Fassi

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano, ni da direba da baƙuwata, wata tsohuwar 'yar jaridar talabijin daga Amurka da nake yi wa tafinta. Ta yi ritaya, kai ya yi fari fat, amma bakinta bai yi ritaya ba. Har ramukan hanya sai da ta tambaye ni tun yaushe suke nan.

A Rano muka karya da ƙosai da kunun tsamiya. Mai ƙosan na ganin Baturiya kuɗi ya tashi, na gaishe ta da Hausar gida ya sauko.

A nan baƙuwar ta faɗa mini abin da ya kawo ta. Tana farkon aiki ta zo Fassi, a ƙasar Kibiya, ta ɗauki wata uwa a kyamara ranar da ɗanta zai tafi ci-rani kudu. Uwar ta kawar da fuska, ko sunansa ba ta kira ba. Baƙuwata ta nuna wannan a talabijin, ta kuma rubuta a littafinta cewa wahala ta busar da zuciyar matar. Sai da ta tsufa wani Bahaushe ya fahimtar da ita cewa ɗan fari ne, uwa kuwa kunyar ɗan fari take yi. Gafara ta zo nema, in matar na da rai. Na tausaya mata ƙwarai.

Bayan Kibiya kwalta ta yi mana sallama, dawa ta rufe mu hagu da dama. Da tambaya muka gano gidan, muka tarar da tsohuwar tana ɓare gyaɗa a ƙofar ɗaki.

Na ce, "Inna, baƙuwa ce daga nesa, gafararki take nema." Na kwashe labarin duka na faɗa mata.

Ta yi murmushi. "Ai rashin sani ya fi dare duhu. Allah ya yafe mana baki ɗaya. Hoton yana nan?"

Baƙuwar ta kunna mata a waya. Ga saurayi da jaka a kafaɗa yana dariya. Matan gidan suka matso suna leƙe. Ɗaya ta raɗa mini cewa a can kudu ya rasu, kuma babu hotonsa ko ɗaya a gidan.

Tsohuwar ta riƙe wayar da hannu biyu. "Ɗan nan, ce mata ta tsayar da shi nan. Ran nan ban kalle shi ba."

Ta daɗe tana kallo. Sunan dai ba ta kira ba.

Mun iso Kano da la'asar, da ƙullin gyaɗa a bayan mota. Tafiyar ta koya mini cewa gani daban, sani daban. Tun daga Fassi har gida baƙuwata ba ta yi tambaya ko ɗaya ba, sai a ƙofar masauki ta ce in nuna mata inda ake wanke hoto babba.