Mushen Akuya a Bayan Gari

A shekarata ta biyu a makarantar koyon aikin lafiya a Kano, likitan da ke koya mana duba gawa ya ba kowa aikin hutu. Nawa shi ne in sami matacciyar dabba in ajiye a fili, in lura da irin ƙudajen da ke sauka a kai da lokacin da tsutsa ke fitowa. Ya ce da haka ake gane kwanan gawar da aka tsinta a daji, kamar ta fataken da 'yan fashi kan tare a hanyar Maigatari. Na sauka daga jirgin ƙasa a Gagarawa Tasha ina ta hura hanci, wai ni mai bincike.

Ban daɗe da isa garinmu Ɗanzomo ba akuyar maƙwabcinmu ta kumbura, ta mutu kafin a kawo wuƙa. Na ja ta zuwa gindin wata aduwa a bayan gari, na kewaye ta da ƙaya saboda karnuka. Kullum ina can zaune ina korar ungulu. Ƙudaje masu sheƙin kore ne suka fara zuwa, kuma wallahi na yi murna da su, don su kaɗai ne baƙina.

A garinmu mushe abin jefarwa ne, ba a zama gadinsa. Wasu suka ce boko ya taɓa min kai, wasu suka ce tsafi nake. Na yi bayani har na gaji, na koma yin fushi, fushin ma babu wanda ya saya. Da ma a ƙofar gidanmu ake ciyayya, maza su kewaye akushi ɗaya. Sai aka fara ajiye min nawa tuwon a gefe. Ba wanda ya kore ni, hirar ce kawai take mutuwa idan na zauna. Babana kuwa ya ci gaba da cin tuwonsa tare da su, kuma hakan ya fi komai ci min rai.

Wata la'asar na yi wanka da sabulu, na sake riga, na shiga masallaci. Da aka ta da salla, sai na ga fili a damana, wanda mutum guda zai shiga. Liman ya ce a daidaita sahu, ya sake faɗa, ba wanda ya motsa. Ina kallon tabarma ina jin kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, sai babana ya taso daga sahun baya ya tsaya a wurin. Kafaɗarsa ta haɗu da tawa. Rabon da wani ya taɓa ni tun ranar da na ja akuyar.

Bayan an sallame, bai dube ni ba ya ce, "Gobe ka binne abin nan."

Na ce, "Baba, aikin bai ƙare ba."

"Na sani. Ni ma a garin nan za a binne ni, kuma mutanen nan ne za su ɗauke ni."

Da safe na haƙa rami ni kaɗai na tura akuyar, da tsutsotsin da nake jira su zama ƙudaje. Da na koma makaranta, likita ya ce aikina rabi ne, bai karɓa ba. A gida kuwa, har ranar da na koma Kano, tuwona a gefe ake ajiye shi.