Gadin Ɗakin Inna

Sai da na shekara talatin da biyu a duniya kafin na ga yayan mahaifiyata da idona. Wata ranar bazara ce bayan la'asar aka yi sallama a zauren gidanmu na haya a Daura. Na fito na tarar da wani dogon tsoho mai farin gemu, riƙe da robar fura da nono. Na tambaye shi wa yake nema. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ke ce 'yar Auta?" Babu mai kiran Inna haka sai mutanen gidansu, su kuwa sun daɗe da shafe ta daga cikinsu. Nan take na gane Kawu ne, nan take kuma na ji ban yarda da shi ba.

Inna 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Mai'adua, daga gidan Musulmi. Da ta auri Baba ta bi shi coci, sai Kawu, wanda shi ne babba a gidan bayan rasuwar mahaifinsu, ya ce shi ba shi da ƙanwa. Sama da shekara talatin babu gaisuwa babu aike. Aka haife ni bai zo ba. Baba ya rasu bai zo ba. Sai yanzu da asibiti suka sallamo Inna, suka ce hantarta ta gaji, mu kai ta gida mu ci gaba da addu'a, sai ga shi da fura. Na ce a raina, lallai da wata a ƙasa.

Lokacin ba a daɗe da fara Shari'a a jiharmu ba. Tsakani da Allah, ni ba wanda ya taɓa tare ni a hanya. Ina zuwa makarantar firamaren da nake koyarwa ina dawowa lafiya, maƙwabtanmu kuma ba su daina leƙowa duba Inna ba. Amma mu Hausawa Kiristoci muna tafe ne muna waiwaye. A taron zumuntar mata aka ba da labarin wani tsoho Kirista da 'yan'uwansa suka kewaye shi yana gargarar mutuwa, suka fito suka ce ya yi kalmar shahada a gaban shaidu biyu, suka ɗauke gawar, matarsa tana ji tana gani. Wata ta ce wajen Dutsi aka yi abin, wata ta ce a'a, can ƙasar Kano ne. Ba wadda ta san sunan ƙauyen. Ni dai na ɗauki labarin na adana. Inna kuwa abu ɗaya ta roƙe ni tun muna asibiti, in kwantar da ita kusa da Baba a maƙabartar Kiristoci, Fasto ya yi mata addu'a. Na riƙe hannunta na yi mata alkawari.

To, ga shi an zo. Na shigar da shi ɗakin don babu yadda zan yi, Inna ta riga ta ji muryarsa. Ta yunƙura za ta tashi ta kasa. Ta ce, "Yaya?" Ya ce, "Na'am, Auta." Ya zauna a tabarma can bakin ƙofa, ya tambayi jiki, ta ce da sauƙi. Shi ke nan. Ni kuwa na jawo kujera 'yar tsugune na dasa ta tsakanin gadon da tabarmar, na ɗauki mafici, na yi kicin-kicin da fuska.

Tun daga ranar kullum sai ya zo. Dillalin shanu ne, amma ko ranar kasuwa ba ya fashi. Ni ma ban yi fashi ba. Na nemi izini a makaranta na tare a gida. Da ya shigo zan zauna, ba na motsawa sai ya fita. Ko fitsari ya matse ni sai in danne. Furar da yake kawowa ban taɓa bari Inna ta sa a baki ba. Ina ce mata likita ya hana, sannan in zagaya bayan ɗaki in juya ta da ludayi ina neman baƙin tawadar rubutu. Ban ga komai ba, amma akuyar maƙwabta ce ta ci gajiyar abin, har ta soma ganina tana kuka. In ya tafi kuma sai in ɗaga matashin Inna, in laluba ƙarƙashin katifa ko ya cusa laya.

Rana ta biyar da na fito in shigo da Kawu, na ga wani mutum ya zauna a zaure zai jira shi. Na ce shi ke nan, ga shaida na farko, saura ɗaya. Na je na tsaya masa a ka na ce, "Malam, lafiya?" Ya ce shi mai babur ne, Alhajin da ya kawo ne ya ce ya jira shi. Na koma ciki, amma hankalina bai kwanta ba, domin mai babur ma ai yana da kunne da baki.

Hirarsu ba ta wuce ta da ba. Wane yana nan? Ya rasu. Wance fa? Ita ma. Rijiyar bayan gida? Ta ƙafe tuntuni. Sau da yawa sai ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya ce, "Auta…" sai ya dubi inda nake, ya haɗiye maganar. Ni kuwa in ƙara gyara kujerata in ce a raina, faɗi mana, ina jinka.

Wata rana Inna ta tambaye shi tsohuwar kukar ƙofar gidansu. Ya ce ai iskar damina ta kayar da ita shekara uku da suka wuce. Inna ta ce, "Ka ga, muna yara na ɗauka kukar nan tun farkon duniya take nan. Ashe ita ma shuka ta aka yi."

Kawu ya ce, "Komai mai ƙarewa ne, sai Allah."

Ta ce, "Sai shi. Shi ba a shuka shi ba, Yaya. Ba wanda ya yi shi, ba wanda ya kawo shi. Tun babu sama babu ƙasa yana nan, ba ya jingine da kowa."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Haka ne. Shi kaɗai ne."

Ai kafin ya rufe baki na yi tsalle na shiga tsakani. Na ce, "Da Ɗansa Yesu Almasihu! Inna, faɗa masa!" Muryata ta fito da ƙarfi har ni kaina na tsorata. Kawu ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa. Inna ta juyo da idanunta da suka yi ɗorawa ta dube ni, sannan ta ce a hankali, "Ya sani. Saboda shi ne ai bai gaishe ni ba shekara talatin." Bai daɗe ba ya yi sallama ya tafi.

Yana fita ta ce in zo in zauna a bakin gado. Na san faɗa ne, na shirya.

Ta ce, "Ke wai me kike gadi ne?"

Na ce, "Ke nake gadi, Inna. Ba ki san abin da ake yi yanzu ba. Kalma ɗaya za ki faɗa su ɗauke ki."

Ta yi 'yar dariya, tari ya sarƙe ta, na ba ta ruwa. Ta ce, "Almasihun da na bi, tun ba a haifi uwar uwata ba yana nan. Tun ba a yi rana ba yana tare da Ubansa. Ranar da aka kore ni daga gidanmu, ina kike? Wa ya riƙe ni? Wanda yake nan tun babu komai, shi ne yau yake jiran ki zauna a kujera ki tsare masa ni?"

Na ce, "Inna, alkawari na yi miki."

Ta ce, "Na sani. Amma ke kin ɗauka in kin fita tsakar gida Allah zai mutu kamar fitilar da ba mai."

Maganar ta ba ni haushi, ba zan ɓoye ba. Ni da nake koyar da yara a makarantar Lahadi cewa Allah ba shi da farko ba shi da ƙarshe, rayayye ne da kansa, ba ya bukatar kowa, ni za a tuna wa wannan? Na san shi sarai, har da ayoyinsa. Amma sani a ka daban, tashi daga kujerar nan daban. A raina gani nake in na ɗauke ido minti biyar, aikin da Allah ya yi shekara talatin a zuciyar matar nan zai rushe, kuma laifina ne. Na gyara mata zani na fita ina ƙunƙuni.

Rana ta goma sha ɗaya jikin ya rikice. Harshenta ya yi nauyi, duk abin da aka ce mata sai ta ce "to". Matan zumunta suka zo da safe suka yi addu'a, tana ta amsa musu da "to". Na ga haka na ce yau ko me aka sa mata a baki za ta maimaita. Wajen azahar ta ɗan farfaɗo, ta kamo gefen zanina ta ce, "In Yaya ya zo, ki bar mu." Sau biyu ta faɗa. Ni kuwa abin da ya zo mini shi ne Kawu ya riga ya gama da ita, ko ta wace hanya ya bi.

Da la'asar na tare shi a zaure tun bai cire takalmi ba. Na ce tana barci, likita ya ce kada a tashe ta. Ya ɗan tsaya, ya leƙa ta bayan kafaɗata wajen labulen ɗakin. Na gyara tsayuwa na cika ƙofar. Ya miƙo mini furar ya ce, "To. Allah ya kai mu gobe." Da na koma ciki idonta biyu, tana kallon ƙofa. Ta ce, "Shi ne?" Na ce a'a, mai sayar da itace ne.

Washegari da hantsi ta cika, kanta a cinyata.

Ban tsaya kuka ba. Na aika a kira Fasto, na roƙi mazan coci su zo su cika ƙofar gida, don na tabbata yanzu za a ga Kawu da mota cike da mutane. Ya zo shi kaɗai. Ya zauna a ƙarshen tabarma cikin mutanen da ba su san shi ba, suna ta kallonsa ta wutsiyar ido. Da aka ɗauke ta ya bi mu a baya har maƙabarta, ya tsaya bayan shinge cikin rana har aka gama waƙa aka rufe ta kusa da Baba. Bai ce a ba shi komai ba. Ko a lokacin zuciyata tana raya mini cewa yawanmu ya gani ya fasa.

Ran kwana uku, da mutane suka ragu, na kai masa ruwa a zaure na durƙusa na yi masa gaisuwa, don ko ba komai ƙanwarsa ce. Ya karɓi kofin ya ajiye bai sha ba.

Ya ce, "'Yar nan, na san abin da kike tsoro. Da ni ne ma zan ji tsoro. Ba zan yi miki ƙarya ba, na so a ce ta dawo, har gobe ina so. Amma ba shi ya kawo ni ba. Uwarki tun tana goyo ba a juya ta." Ya shafa gemunsa. "Gafara na zo nema. Ni na kore ta, da bakin nan. Kullum zan taho da maganar tun daga Mai'adua, in na shigo in gan ki sai ta maƙale. Ina babba, yaya zan durƙusa wa ƙanwata ina kuka a gaban 'yarta? Ina ta cewa gobe za ki ɗan fita."

Na kasa ɗaga kai. Ina jin mata a cikin gida suna kwashe kwanoni.

Ya ce, "Abu ɗaya zan tambaye ki, ki gaya mini gaskiya don Allahn da kike bauta wa. Ta taɓa cewa wani abu a kaina?"

Da na ce masa ta ce ta yafe, da ya tafi da farin ciki, kuma ba mai ƙaryata ni. Na ma san ta yafe ɗin. Amma ba ta faɗa ba, domin ban bari an tambaye ta ba, ga shi kuma ya haɗa ni da Allah.

Na ce, "Ta ce in ka zo in bar ku. Sau biyu ta faɗa. Ranar da na ce maka tana barci, Kawu, idonta biyu. Kai take jira."

Ya dafa bango ya miƙe, ya shiga laluben takalmansa da ƙafa a bakin zaure, ya kasa sa su. Na matsa na juya masa su, ya sa, ya fita.