Bugun Ƙanƙara a Kan Fako

Ina aji biyar na sakandare a Yelwa aka kawo mana sabon malamin wasanni. Kafin zuwansa muna buga hoki da tsofaffin sandunan katako goma sha huɗu, a wani fako mai tsakuwa bayan ajujuwa. Ni ne mai cin raga. Ba na ɗaga sanda. Nakan manna ƙwallon a bakinta, in ja, in murɗa wuyan hannu, sai dai mai tsaron raga ya ji ta a bayansa. Hannun da ya tashi yana tuƙa kwalekwalen babansa ba ya rasa wannan murɗin.

Ran Litinin ɗin farko malamin ya tara mu, ya ciro waya ya nuna mana Turawa suna hoki a kan ƙanƙara. Wani ya ɗaga sanda har saman kansa, ya sauke, abin ya wuce kamar harsashi.

Ya ce, "Kun gani? Ba ƙwallon ya fara duka ba. Ƙasa ya daka tukuna, sandar ta tanƙwara, ta harba. Daga yau haka za ku riƙa bugu."

Na ce, "Malam, su ai a kan santsi suke. Namu filin dutse ne, sandunan kuma ba sa tanƙwaruwa."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai ɗan masunta, mi ka sani ban da ƙarnin kifi?"

Aka yi dariya.

Cikin mako biyu sanduna huɗu suka karye. Bai ga laifin koyarwarsa ba, cewa ya yi ba mu da kai. Duk sanda na ci raga da bugun da na saba, sai ya hura usur ya soke cin, ya sa ni tsallen kwaɗo. Mutumin da, daga baya muka ji, bai taɓa riƙe sandar hoki a gasa ba!

Ana saura kwana uku mu kara da wata makaranta daga Wara, ya tsaya a kaina ya ce ko in yi nasa bugun ko in bar ƙungiya. Zuciya ta ɗebe ni. Na ɗaga sanda, na daki fakon nan da iya ƙarfina. Wani abu ya ce ƙas a wuyan hannuna, sandar ta faɗi, na durƙushe.

Ya ce, "Tashi, raki ne."

Abokaina ne suka ɗora ni a babur ɗin kabukabu zuwa gida. Mai ɗori ya lalube hannun ya ce tsagewar ƙashi ce. Inna ta yafa gyale za ta makaranta, tana faɗin, "Yau sai ya gaya mini ko ɗiyan mutane itace ne!" Baba ya tare ƙofa ya ce malami uba ne, a bar wa Allah. Wannan maganar ta fi tsagewar yi mini ciwo.

Wata biyu ban taɓa filafilin tuƙi ba, lokacin da kifi ya fi kamuwa. Ina zaune a bakin ruwa da kararen ɗori a hannu ina kallon baba, da ciwon bayansa, yana tuƙi yana jefa ragar birgi shi kaɗai.

'Yan Wara sun ci mu huɗu da nema. Malamin ya shaida wa shugaban makaranta cewa yaran nan ba za su koyu ba, aka tattara sauran sandunan aka kulle a sito. Da na koma, na gamu da shi a baranda. Ya kalli hannuna ya ce, "An warke?" Ko sannu babu. Na wuce abina, ban kuma ƙara gaishe shi ba har na gama makarantar.