Jif ɗin Malam da Katangar da Muka Fasa

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar maigidana, Malam Umaru Direba na Badariya. Sunan nan bakina bai taɓa furta shi ba tsawon zamanmu, Malam nake cewa. Alƙalami ne ba shi da kunya. Ya rasu muna ƙarƙashin Sakkwato, saura ƙiris a yanka mana jiharmu. Bai ga kwalta ta ratsa unguwarmu ba, bai ga keke mai ƙafa uku yana jigila zuwa Gwadangaji ba. Ba kuka na zo yi a shafin nan ba. Na yi kukana a lokacinsa, na gama. Labarin wata mota zan ba ku, don wanda bai san motar nan ba bai san Malam ba.

Direban ma'aikatan gona ne, ya tsufa yana kai su ƙauyukan fadama. Da ya ajiye aiki sai ya je gwanjo ya sayo wata tsohuwar jif mai ja da ƙafa huɗu, irin ta da, mai sitiyari a dama. Ba da ƙafarta ta zo ba. Shanun huɗa ne suka jawo ta, tayoyi a sace, kaji sun yi ƙwai a kujerar baya. Zaure ba ya cin mota, sai ya sa aka fasa katangar gida ta gabas, aka turo ta tsakar gida gindin darbejiya, aka kwaɓa ƙasa aka mayar da katanga yadda take. Maƙwabta suka ce Malam ya yi wa gawa kabari tun ba a yi mata sallah ba.

Gidanmu ba a shiga. Malam Bagwandu ne mai tsanani, ko mai tallan ruwa a zaure yake ajiye garwa. To, makaniki namiji ne, yaran gareji maza ne, mota kuwa tana cikin gida inda mata suke. Wa zai riƙe masa noti yana kwancewa? Ni. Ina faɗa wa matan yanzu suna dariya, amma gaskiya ce tsagwaronta: kulle ne ya sa ni ƙarƙashin mota.

Da fari aikina wanki ne. Ya sauke inji ya warwatsa shi a kan tabarma, ni kuma na zuba kananzir a daron da nake wanke shinkafa, ina goge fistin da kafireta da tsohon buroshi. Lokacin ban san ko bihim ba. In ya ce in miƙo sifana lamba kaza, sai in tsaya ina kallonsa. Sai ya ɗauki zaren saƙata ya ɗaɗɗaura musu a wutsiya, wannan ja, wannan baƙi, wannan shuɗi.

"Ke Bakabiya, miƙo man mai jan zare."

Haka yake kirana in muna aiki, don ni 'yar Argungu ce, 'yar masunta. Nakan miƙa, amma abin yana ci mini rai. Ga rubutu ɓaro-ɓaro a jikin ƙarfe, kowane yaron gareji yana karantawa, ni uwar 'ya'ya uku sai da zare kamar akuyar da aka yi wa shaida.

Ana cikin haka, inji yana warwatse, sai ciwo ya faɗa masa da bazara. Ɓarin hagu ya shanye. Baki ya dawo, ƙafa ta dawo rabi, yana iya taka ta amma ba ya nisa. Hannun kuwa ya tafi ke nan.

Damina ta biyo baya da ruwan da tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Gulbin Rima ya cika ya batse, ya kwanta a kan fadamar Zauro. Can gonarmu ta shinkafa take, wadda Malam ya gada, ita ce cinmu, ita ce abin da 'ya'yanmu mata za su dogara da shi. Ga wanda bai san fadama ba: iyakar gona a can ba dutse ba ce, ciyawar jema ce ake dasawa a jere. Ruwan shekarar ya zo da laka ya binne jemar kakaf, gonaki suka zama shimfiɗa guda. Sarkin noma ya aiko cewa da zarar ruwa ya janye, kowa ya zo ya tsaya a kan gonarsa da ƙafarsa a sake ja da iyaka kafin a shiga lambun albasa. Wanda bai zo ba, abin da maƙwabta suka nuna shi ne nasa. Maƙwabtan nan ba ɓarayi ba ne. Amma ido yakan karkata wajen mai shi, ko na waliyyi ne.

Ba wanda ya san iyakar nan sai Malam. Ƙanensa Labbo a Sakkwato ya tashi, ɗan kasuwa ne, ko shinkafa da ciyawa ba ya bambancewa. Jaki, Malam ba ya iya zama a kansa. Amalanke tana nutsewa a lakar. Labbo ya ce a samo majiya ƙarfi su ɗauke shi a kan gado.

"A kai ni gonata bisa gado kamar gawa?" in ji Malam. "Duk wanda yag gane ni hakanan, jiran arba'in ɗina zai shiga."

Kwana kaɗan Labbo ya dawo da wata shawarar. Jikin irin motar nan alminiyam ne, ba ya tsatsa, masu ƙera tukwane kuwa sun daɗe suna lasar baki. Ya same ni a madafa, da wasan nan na ƙanen miji da matar wa.

"Matata, ki lallashi mijinki. Wagga mota ta mace. A ba maƙera su narke ta, ke ma ki samu tukunyar biki."

Na ce, "Labbo, in tukunya kaka so, ga ta nan, ɗauki ka kihe bisa kanka. Motag ga da ƙahwarta za ta hita gidan ga."

Na faɗa ne don fushi. Da na waiwayo sai na ga Malam a bakin ɗaki ya dogara da sanda yana kallona. Da hantsi ya sa aka jawo masa kujera gindin darbejiya, ya ce in ɗaure zanena da kyau.

Daga ranar shi ne baki, ni ce hannu. Ƙarfe ɗaya ba ya amo. Ya koya mini sa zobe a fistin ba tare da na karya shi ba, bayan na karya biyu. Ya koya mini yanka gaskit, shimfiɗar da ke hana inji yoyo, daga kwali, a ɗora a kan ƙarfen a bi gefensa da ƙaramar guduma a hankali har ya fita da kansa. Ya koya mini ɗaure kan inji daga tsakiya zuwa gefe, ba a bi layi kamar mai shuka. In na ɗaure noti sai ya ɗora hannunsa mai lafiya a kan nawa ya ji, ya ce, "Ƙara kaɗan," ko ya ce, "Tsaya, za ki kashe mai haƙora." Mun yi faɗa ba adadi. Mutumin da ya saba yi da kansa, ka zaunar da shi yana kallon wani yana yi a karkace, ai sai haƙuri. Ni kuma ba a haife ni da shi ba. 'Ya'yan suka karɓi girki, baƙin mai ya shiga farcena har lalle ya daina kamawa.

Inji ya haɗu. Muka ɗaga gaban motar a kan turame biyu, na kwanta a ƙasa ina juya taya, sai Malam ya ji wani ƙas-ƙas. Muka buɗe, ashe sandar ƙarfen da ke kai ƙarfi ga tayar gaba ta karye a ciki. In babu ita, motar mai ƙafa biyu ce kamar kowace, laka kuwa ba ta jin kunyar mai ƙafa biyu. Duk Birnin Kebbi babu. Malam ya tuna da wata mota irinta da ta mutu a Argungu, a bayan rumfar wani mai sayar da tsofaffin kayan mota.

An yi haihuwa a gidanmu na Argungu a makon, na tafi suna. Na naɗe guntayen ƙarfen a zane na sa a ƙasan kwano, na rufa da kayan barka. Da aka watse na ja yayata muka nufi rumfar. Mutumin ya dube mu sama da ƙasa.

"Hajiya, kasuwar kihi tana can gaba."

Na kwance ƙunshin na zube masa guntayen a gabansa. Ya shiga ya fito da wata sandar. Na jera ta da guntayena kamar yadda Malam ya nuna mini, na ga ta fi tsawo.

"Wagga ta ɗayan gehen ta. Gajerar nika so."

Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce, "Wane gareji kike?" Na ce garejin gindin darbejiya. Ya kwanta ƙarƙashin matacciyar ya ciro mini gajerar da hannunsa.

Ranar da motar ta tashi, da walaha ne. Batir ba ƙarfi, sai da ƙarfen murɗawa na gaba. Na murɗa har kafaɗata ta yi tsami. Ta yi tari, ta yi shiru, ta sake tari, sai ta kama da wata irin ƙara, hayaƙi ya turnuƙe gidan, awaki suka tsinke igiya. Malam ya kifa kai a kan sitiyari. Na ba shi baya ina kwashe sifanu, don namiji irinsa ba ya son a ga hawayensa.

Saƙon sarkin noma ya iso, muka sa aka sake fasa katanga. Saura matsala guda: sitiyari a dama, sandar giya a hagu, hannun hagu kuwa babu. Ƙafar tana iya taka kuloci. Sai na yafa mayafi na zauna a gefensa, Labbo a baya yana salati. Malam ya taka ya ce "Ɗaya," in tura. Ya ce "Biyu," in ja. Haka muka ratsa Badariya, mutane sun fito ƙofar gida baki buɗe. Da muka sauka fadama, laka ta kama tayoyin baya suna juyawa a banza, ya tsaya ya ce, "Ja mai jan kai, Bakabiya, da ƙarhi!" Na ja ƙaramar sandar da ke haɗa tayoyin gaba har ta faɗa. Motar ta yi gurnani ta dafe ƙasa da ƙafa huɗu, ta fita kamar sa ya fita daga rami.

Manoma suna tsaye da fartanya aka ga jif ta nufo su. Malam ya sauko da kansa, ya dogara da sanda, ya dubi wata giginya a gabas, ya dubi bakin gulbi, ya ja ƙafa ya je ya soka sandar a laka. Ya ce a tona. Wurin ya shiga cikin abin da maƙwabcinmu ya riga ya nuna a matsayin nasa. Aka tona kamu guda, sai ga saiwar jema a jere. Maƙwabcin ya ce, "Wallahi ruwa ya ruɗe ni, Malam." Malam ya ce, "Ya ruɗe kowa." Aka ja iyaka a nan.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Jikana ya kai motarsa gareji, aka jona mata na'ura, aka ce a cire kaza a jefar a sa sabo. Ba wanda ya kasa kunne ya saurari injin. Na san Malam zai yi tsaki. Amma ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba: mutum ne mai son ƙarfe, da wuri zai matsa ya ce a nuna masa yadda na'urar take. Abin da ba zai yafe ba shi ne saurin da muke yi wajen yanke wa abu hukuncin mutuwa, mota ce ko mutum. Da tsohuwar zuma ake magani, mu kuwa yanzu ko ɗanɗanawa ba ma yi. Zai kuma ga jikokinsa mata suna tuƙi a titi. Zai ɓata rai, na sani. Sai in tuna masa wa ya riƙa tura masa sandar giya.

Shekarun da suka rage masa, duk kaka da rani tare muke zuwa Zauro, yana kira ina turawa. Gonar tana hannun 'ya'yansa har gobe, shinkafarta muke ci. Motar tana gindin darbejiya, ta sake yin shiru, maƙera kuma ba su fasa aike ba. Amsar da na ba Labbo ita nake ba su.

Katangar ce ba a sake mayarwa ba. Da muka dawo daga fadama magini ya zo da ƙasarsa, na ce wa Malam motar da ke fita ba a toshe mata hanya. Ya sa aka kafa ƙyaure. Bayan 'yan watanni aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a unguwarmu. Na kwance zaren da ke wutsiyar sifanun nan duka, na ajiye masa a kan gwiwa, na ce zan je in koyo abin da aka rubuta a jikinsu. Ya daɗe yana juya zaren a hannunsa mai lafiya. Sannan ya ce, "Ki bi ta ƙohwar mota, ta hi kusa."

Ta nan na bi. Allah ya jiƙan Malam, ya sa can ta fi masa nan.