Bututun da Na Karya wa Wuya

Da ƙaramar Sallar da ta wuce, shekara talatin da biyu ke nan cif da aka fitar da Malam, mijina, daga gidanmu na Kwaciri a kan makara. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Autata Binta, wadda ke koyarwa a makarantar 'yan mata, ita na zaunar da biro da takarda, na ce abin da na faɗa shi za ta rubuta, kada ta gyara mini, kada ta rage. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. To ni da na ƙarar da ƙuruciyata a sayar da tuwo, na ajiye wani abu a cikina har ya fi ƙarfin ajiya.

Dattawan Fagge sun san shi, amma ba da sunan da aka raɗa masa ba. Malam Hayaƙi suke ce masa. Da shi ake yi masa sallama a zaure, da shi aka yi masa addu'a ranar jana'iza. 'Ya'yansa sun taso suna jin cewa wai ya taɓa yin wani aiki da ya ƙi, shi ne sunan ya bi shi. Haka ita ma mai riƙe da biron nan ta sani har zuwa safiyar yau.

Maƙerin kwano ne. Ya fara da bokiti da mazurari, sai kuɗin mai suka shigo ƙasa, masana'antu suka yi ta tashi a Bompai, wani kamfani ya ɗauke shi. A can ya koyi yin bututun iska, irin manyan nan da ke janye zafi da hayaƙi daga cikin gini su fitar waje. Lokacin ba a daɗe da barin fam an koma naira ba. Gari ya cika da baƙi, masu albashi sun sami ƙari, kowa yana son cin abinci a kan kujera. Ni kuwa ina tuwo da shinkafa a wata rumfa kusa da tashar jirgi, kasuwa ta buɗe mini, har na kama shago na bulo a Sabon Gari. Na sa aka yi masa shuɗin fenti, aka sa tagogin gilashi, aka rubuta allo a saman ƙofa, ko da yake sai an karanta mini.

Murhuna huɗu ne a ciki, duk na itace, madafar kuma ba taga, don bangon maƙwabci ya tokare ta ta baya. Malam ya ce zai yi mini abin da babu mai tuwon da ke da shi a Kano. Shi ne aikin farko da ya yi shi kaɗai daga farko har ƙarshe, ba a ƙarƙashin kowa ba. Kwana tara yana yanka yana bugu. Ya kifa wani faffaɗan baki na kwano a saman murhun, ya sa fanka a maƙogwaronsa, ya ja bututu mai faɗi ya miƙe sak ta saman ɗakin cin abinci, ya huda bangon gaba, sannan ya lanƙwasa shi sama a hankali, lanƙwasa ɗaya tak, kamar wuyan raƙumi, har ya zarce rufi. Da ya gama ya zaro zare daga gefen hularsa ya riƙe a bakin kwanon. Zaren ya miƙe tsaye yana rawa, kamar zai ƙwace ya bi iska. Ya yi murmushi, ya mai da kayan aikinsa buhu. Washegari aka aiko mahaifiyarsa ba lafiya a ƙauye, ya tafi.

Saura kwana shida in buɗe shago, ƙawayena suka zo gani. Ɗaya daga cikinsu ta tsaya a titi, ta ɗaga kai ta dubi bututun da ya fito ta gefen allona, ta riƙe haɓa ta ce, “Tabawa, gidan abinci kika buɗe ko kan jirgin ƙasa? Yaushe zai yi ƙugi mu hau?” Suka yi ta dariya har da tafa hannu. Na yi dariyar tare da su, amma maganar ta zauna mini a ƙirji kamar ƙaya.

Son zuciya ɓacin zuciya. Na nemo wani maƙeri a kasuwar Sabon Gari na ce ya ɓoye mini abin nan, kada a gan shi daga titi. Bai musa ba, ya ce aikin yini biyu ne. Ya cire wuyan raƙumin ya jingine a bayan ƙofa. Daga bakin fanka ya karya bututun kwana mai kusurwa, ya bi da shi jikin bango, ya sake karyawa, ya matse shi siriri don ya ratsa tsakanin katakon rufi, ya karya na uku, ya fitar da shi ta lungun baya. A kai ya ɗora masa wata hula mai ado, ta zauna dab da baki. Aka toshe hudar gaba aka shafe da fenti. Na tsaya a titi na duba, shagona fes, zuciyata fari ƙal.

Ranar buɗewa muka hura wuta. Fanka ta kama ihu kamar injin niƙa, kwano yana kaɗawa, amma hayaƙi sai ya hau ya leƙa ya dawo. Kafin azahar ya cika madafa ya gangaro wajen masu ci. Saratu, wata 'yar Wusasa da muka shekara bakwai muna girki tare, ita ce a bakin wuta. Idanunta suka yi jawur, tana tuƙi tana tari. Ta ce, “Uwar ɗakina, wannan adon naki ni zai kashe. Yanka ni za ki yi ki sayar da banda?” Na ce ta yi haƙuri, sabon abu ne, zai saba.

Mako uku Malam ya dawo. Ya shigo da la'asar, masu ci sun ragu. Ya bi bututun da ido tun daga fanka har inda ya ɓace a rufi, ya ga baƙin mai yana ɗiga daga kowace kusurwa. Ya zaro zarensa ya riƙe. Zaren ya rataya kamar jelar mataccen ɓera.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Zama ya yi a kan benci ya yi mini bayani kamar mai koya wa yaro alwala. Ya ce iska ba ta da ido. In fanka ta koro ta da gudu ta ci karo da kusurwa, bango take duka, ta tsaya tana juyi a wurin, ta tare wa ta bayanta hanya. Kowace kusurwa ɗaya, in ji shi, tamkar an ƙara wa bututu tsawo ne mai yawa, mafi muni kuma wadda aka sa dab da bakin fanka, tun iska ba ta daidaita tafiyarta ba. Matsewar kuwa, ya ce in tuna Kantin Kwari ana jajibirin Sallah, a ce duk jama'ar nan ta ƙofa ɗaya za su fita. In dole ne a rage faɗi, a hankali ake ragewa. Ga hula kuma an danne baki da ita. “Fankar ba ta da laifi,” ya ce. “Ƙarfinta na nan, hanya aka hana ta. Gobe zan mayar.”

Na ce a'a. Na ce ya bari sai bayan Sallah, yanzu ciniki ya kankama. Ƙarya nake. Abin da nake gudu shi ne ƙawayena su wuce su ga kan jirgi ya dawo, su san na yi wauta. Ya dube ni, ya ce to.

Abin da ban sani ba, kafin ya tafi ƙauye ya yi magana da wani Alhaji ɗan kwangila da ke gina babban otal a Sabon Gari, mai neman wanda zai yi masa bututun madafa da na ɗakuna gaba ɗaya. Malam ya ce masa in yana son ganin hannunsa, ya leƙa shagon iyalinsa. Kwana uku da dawowarsa, da tsakar rana, shago cike, sai ga Alhajin da mutum biyu, ba sanarwa. Malam na nan yana cin abinci. Alhaji ya shiga madafa, ya fito yana share hawaye da hannun babbar riga. Ya ce, “Malam, wannan ne aikin da ka ce in zo in gani?”

Ina tsaye da mara a hannu, tsakanina da su bai fi taku uku ba. Malam ya juyo ya dube ni. Saratu ma ta daina tuƙi ta dube ni. Kalma biyar ce kawai: ni na sa aka canja. Sai na sunkuyar da kai cikin tukunya na ci gaba da kwasar tuwo.

Na ji Malam ya ce, “Alhaji, shagon iyalina ne. Abin da ka gani a ciki nawa ne.”

Alhaji ya ce, “To Allah ya kyauta, Malam Hayaƙi.” Masu ci suka fashe da dariya. Kafin magariba sunan ya riga shi isa Fagge.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A gidanmu ba haka aka yi ba. Aikin otal aka ba wani. Washegari Malam bai tambaye ni ba, ya ɗauko wuyan raƙumin daga bayan ƙofa ya mayar, hayaƙi ya bi hanyarsa, fanka ta yi shiru sai ɗan huci. Shekara goma sha tara bututun nan yana ja, ba wanda ya zo ya ce a gani. Manyan ayyukan zamanin suka wuce shi, abokan aikinsa suka zama masu motoci, shi ya koma rumfarsa ta da yana ƙananan ayyuka da bokiti. Saratu ta daɗe tana fama da ƙirji. Ba ta tona ni ba, amma ranar da za ta koma gida ta riƙe hannuna ta ce, “Mutumin nan ya rufa miki asiri da rigarsa, ke kin bar shi tsirara.”

Na roƙe shi gafara a ɗaki, ba sau ɗaya ba. Yakan ce, “Wuce nan, Tabawa, ai suna ba ya hana barci.” Amma na sha ganin yadda kafaɗarsa ke sauka in yara sun kira shi da shi a hanya. A ɗaki na yi laifin? A gaban jama'a na yi, a gaban jama'a ya kamata in biya, sai na yi ta cewa gobe har ƙasa ta rufe masa ido.

Yanzu an rushe shagon, bene ne a wurin. Kwanaki aka kai ni wani ɗakin biki, na ɗaga kai na ga wani bututu mai laushi an cusa shi a saman silin da ya ɓalle, ya nannaɗe kamar hanjin rago, injin yana ta gurnani mutane suna fifita da katin gayyata. Na ce a raina, da Malam na nan da ya zaro zarensa. Ban san me zai ce da wannan zamani ba, da ake son komai a ɓoye a bayan ado ko da ba ya numfashi. Wataƙila ba zai ce komai ba. Ni ce dai ba ni da bakin zargin kowa.

Abin da ya rage nasa ba gini ba ne. Yaran da ya koya wa aiki sun tsufa, su ma sun koyar. Har yau a rumfunan maƙeran Fagge akwai masu yanka gwiwar bututu a lanƙwashe bisa ma'aunin kwalin da ya bari, in ka ce su yi maka mai kusurwa sai sun yi maka gardama. Na aika an tambayo me suke kiran wannan yanka. Aka ce, yankan Hayaƙi. Gwanintarsa ta rayu, amma da tabon da na yi masa take yawo.

Mu a zamaninmu mace ba ta faɗin sunan mijinta. Shekara sittin ban taɓa furta nasa ba, ko a bayan idonsa, ina ganin kunya ce da girmamawa. Yau na gane kunyar da ta kamata in ji ba ita na ji ba. Binta ta ajiye biro tana kuka, ta ce, “Inna, bar shi, na san sunan, zan rubuta.” Na ce a'a, ɗauki bironki ki jira, sai ya fito daga bakina.

Jama'ar Fagge da Sabon Gari, wanda ya san shi da wanda ya gaji yankansa, in za ku yi masa addu'a, sunansa Abubakar. Aikinsa bai taɓa ƙi ba. Hayaƙin nawa ne.